Allo Ya Ce "An Adana" Amma Rumbu Wayam: Darasi kan Gano Matsalar Ajiyar Bayanai a Manhajar Yanar Gizo

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe a yau aikinsa ya wuce biro da takarda. Da yawa daga cikinmu mukan tattara kalmomi da karin magana da kacici-kacici domin kundin kammala digiri, sannan mu zuba su cikin kwamfuta. Wasu kuma sukan haɗa kai da 'yan uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta, a gina ɗan ƙaramin shafi a yanar gizo, inda kowa zai shiga ya rubuta kalmar da ya samo da ma'anarta da misalinta. Ni ma na taɓa shiga irin wannan aiki, kuma a can na koyi abubuwan da zan kawo a wannan maƙala.

Akwai wata matsala da take yawan addabar irin wannan aiki. Ɗalibi zai rubuta kalma, ya danna maɓalli, allo ya nuna masa "An adana", amma washegari a nemi kalmar sama ko ƙasa a rasa. Idan kalmar daga bakin wata tsohuwa aka ji ta a wani ƙauye mai nisa, kuma an riga an yar da takardar da aka rubuta ta, to an yi asarar da da wuya a mayar. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda ajiya take tabbata a rumbun bayanai, da dalilan da suke hana ta tabbata, da matakan gano bakin zaren. Za a kuma ga cewa wasu daga cikin dalilan sun taso ne daga yanayin rubutun Hausa, wanda ɗalibin harshe ya fi mai tsara manhaja saninsa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Rumbun bayanai manhaja ce da take ajiye bayanai a cikin jadawali mai layuka da gurabe. Tunanin tsara bayanai ta wannan hanya ya fito ne daga Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, a shekarar 1970. Daga cikin rumbunan da aka fi amfani da su akwai MySQL da PostgreSQL da SQLite.

Ƙwarangwal ɗin manhaja kuwa shi ne tsarin da aka riga aka gina, wanda mai tsara manhaja yake ɗora aikinsa a kai. Shi ne yake tsakanin allon mai amfani da rumbun. A wannan darasi zan fi kawo misali da Django, wanda aka rubuta da harshen Python. An fara gina shi ne a wani gidan jarida da ke garin Lawrence ta jihar Kansas a Amurka, aka kuma sake shi ga jama'a a 2005.

Ƙullin aiki shi ne tarin umarni da ake ɗaure su wuri ɗaya, ko dai su tabbata duka ko kuma a fasa su duka. Na zaɓi kalmar ƙulli ne saboda ƙullin gishiri ko na kanwa a kasuwa ba a sayen rabinsa. Ana buɗe ƙullin da umarnin BEGIN, a tabbatar da shi da COMMIT, ko kuma a rushe shi da ROLLBACK.

Domin fahimtar waɗannan umarni, mu dubi yadda ciniki yake faɗawa a kasuwa. Mai saye ya ɗauki kaya ya jujjuya, ya taya, mai kaya ya ce "albarka", ya ƙara, har dai mai kaya ya ce "na sallama". Kafin wannan kalma ta fito, kayan suna hannun mai saye amma ba nasa ba ne. Saboda haka a wannan maƙala zan kira COMMIT da sunan sallamawa, ROLLBACK kuwa warwarewa. Duk abin da aka rubuta a rumbu kafin sallamawa, tayi ne kawai.

3.0 Siffofin Ƙullin Aiki

Jim Gray, wanda ya sami lambar yabo ta Turing a 1998, yana cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan fanni. A 1983 kuma Theo Härder da Andreas Reuter suka taƙaita siffofin ƙullin aiki guda huɗu da sunan ACID. Ga su a Hausance:

(a) Dunƙulewa: ayyukan da ke cikin ƙulli abu ɗaya ne, ba ya rabuwa.
(b) Daidaito: ƙulli ba ya barin rumbu cikin halin da ya saɓa wa ƙa'idojin da aka gindaya masa.
(c) Keɓancewa: abin da wani yake cikin yi bai sallama ba, ba ya gurɓata aikin wani.
(d) Ɗorewa: da zarar an sallama, ko an ɗauke wuta nan take, bayanin yana nan.

A ɗauka ƙamusunmu yana da jadawali uku: na kalma, na ma'ana, da na misali. Shigar da kalma ɗaya yana buƙatar rubutu uku. Idan wuta ta ɗauke bayan rubutu na biyu, dunƙulewa ce take hana a sami kalma da ma'ana ba misali. Rumbun zai share duka ukun. Wannan kariya ce, amma kuma ita ce dalilin da ya sa kuskure ƙarami a rubutu na uku yake iya tafiya da na farko da na biyu.

4.0 Dalilan da Suke Hana Ajiya Tabbata

4.1 Ba a sallama ba tun farko

Ƙa'idar da ta tsara yadda Python yake magana da rumbunan bayanai, wato PEP 249 ta 1999, ta ce kada a riƙa sallamawa kai tsaye, sai mai tsara manhaja ya nema da kansa. Saboda haka wanda ya yi amfani da sqlite3 ko psycopg2 kai tsaye, ya aika umarnin rubutu, ya rufe layi bai kira commit ba, to aikinsa ya bi ruwa, kuma babu saƙon kuskuren da zai fito. Haka abin yake a Flask idan an haɗa shi da SQLAlchemy. Umarnin add yana sa kalma a layin jira ne, flush yana tura ta cikin ƙulli, commit ne kaɗai yake tabbatar da ita. Abin da yake ruɗa mutane shi ne, bayan flush kalmar takan sami lambar jeri, har ta bayyana a allo, sannan ta ɓace idan buƙatar ta ƙare.

Django ya bi wata hanya dabam. Tun daga fitowa ta 1.6 a 2013, kowane umarni yana sallama kansa, sai idan an kewaye umarnai da atomic, ko an kunna ATOMIC_REQUESTS wanda yake mayar da aikin kowace buƙata ƙulli ɗaya. Don haka tambaya ta farko ita ce: a wannan manhaja, wane ne yake da alhakin cewa "na sallama"?

4.2 An haɗiye saƙon kuskure

Wannan ita ce matsalar da ta fi wuyar ganewa. Mai tsara manhaja ba ya son mai amfani ya ga shafin kuskure, sai ya sa tarko ya kama saƙon ya yi shiru, manhaja ta ci gaba ta nuna "An adana". To amma idan hakan ya faru a cikin atomic, Django ya riga ya yi wa ƙullin alamar warwarewa tun lokacin da ajiyar ta gaza. Idan an sake aika wani umarni, zai ƙi, ya fito da saƙon TransactionManagementError. Idan kuwa ba a sake aika komai ba, zai jira ƙarshen ƙullin ya warware shi ba tare da ya ce uffan ba. Shi ma PostgreSQL, da zarar umarni ɗaya ya gaza cikin ƙulli, ba ya karɓar wani sai an warware.

Maganin wannan shi ne a yi zango. Ana kewaye umarnin da ake zargi da wani ƙaramin atomic a cikin babban, a ɗora tarkon a wajen ƙaramin. Idan ya gaza, rumbu zai koma zangon kawai, sauran aikin ya tsira. Sannan kada a nuna wa mai amfani saƙon nasara sai an fita daga babban ƙullin lafiya.

4.3 Kalmomi masu rubutu ɗaya

A nan ne ilimin harshe yake shigowa. Mai tsara manhaja yakan sa wa gurbin kalma ƙa'idar UNIQUE, wato kada kalma ɗaya ta shiga sau biyu. A ganinsa wannan tsafta ce. Amma daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Kuka na hawaye yana da karin sama-sama, kuka ta miya tana da karin sama-ƙasa, amma rubutunsu ɗaya. Haka gari na mutane da gari na tuwo, waɗanda tsawon wasali ya bambanta su. Idan an riga an shigar da ta farko, ta biyu za ta gamu da saƙon IntegrityError. Idan kuma ɗalibi ya shigar da kalmomi 50 cikin ƙulli ɗaya, wannan kalma guda za ta jawo a warware duka 50 ɗin.

Wani zai ce a sa alamar kari kamar yadda ƙamusun Paul Newman na 2007 ya yi, a rubuta ta biyun kukà. Wannan ma ba lallai ya wadatar ba. MySQL 8.0, wanda ya fito a 2018, ya zo da ƙa'idar kwatanta haruffa mai suna utf8mb4_0900_ai_ci, wadda ba ta kula da alamomin da ke kan wasali, ba ta kuma bambanta babban baƙi da ƙarami. A wurinta kuka da kukà abu ɗaya ne, haka ma Gaya sunan gari da gaya na tuwo. Mafita biyu ce: ko a koma ga utf8mb4_0900_as_cs wadda take bambanta su, ko kuma a ɗora ƙa'idar UNIQUE a kan gurabe biyu a haɗe, wato kalma da lambar ma'ana, kamar yadda masu ƙamus suke yi wa kalmomi masu kama da juna lamba 1 da 2.

4.4 Baƙaƙe masu ƙugiya da hamza

Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ suna da gurbi a tsarin Unicode: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ da ake amfani da ita a Nijar kuma tana U+01B4. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin latin1, wanda shi ne MySQL yake zuwa da shi kafin fitowa ta 8.0. Idan jadawali yana kan latin1, abu biyu ne zai faru. In rumbun yana kan yanayin tsauri, wanda ya zama na asali tun daga 5.7, zai ƙi karɓar kalmar, ƙullin ya gaza. In ba ya kan wannan yanayi, zai karɓa ya sauya baƙin da alamar tambaya, sai ƙasa ta koma ?asa. A nan an sallama, amma mai nema ba zai taɓa samun kalmar ba. Alamar wannan cuta a fili take: gida da ruwa suna shiga lafiya, ɗaki da ƙofa suna ɓata.

Hamza ma tana da nata. A harshen SQL, da wannan alama ake buɗe zance ake kuma rufe shi. Idan mai tsara manhaja ya harhaɗa umarni da hannu ya manna kalmar a ciki, jami'a da sa'a da 'ya'ya za su yanke umarnin a tsakiya. Hanyar da Django ya tanadar ta ajiye bayanai tana aika kalma dabam da umarni, saboda haka ba ta da wannan matsala. Duk inda aka ga kalmomi masu hamza ne kaɗai suke gazawa, a nemi inda aka rubuta SQL da hannu, a gyara da gaggawa, domin ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet suke shiga rumbu.

4.5 Injin da bai san warwarewa ba

Wani lokaci matsalar takan zo a juye: an so a warware, amma rabin aikin ya zauna. A MySQL kowane jadawali yana da injin ajiyarsa. MyISAM bai san ƙullin aiki ba ko kaɗan, duk abin da aka rubuta ya zauna. InnoDB ne yake da wannan siffa, kuma ya zama na asali ne daga fitowa ta 5.5 a 2010. Jadawalin da aka gada daga tsohon aiki yana iya kasancewa a kan MyISAM har yanzu. Bugu da ƙari, a MySQL umarnin ƙirƙira ko sauya fasalin jadawali yana sallama duk ƙullin da ke buɗe ba tare da an nema ba, alhali PostgreSQL yana iya warware irin wannan umarni.

4.6 An sallama, amma ana duba wani wuri

Ba kowace kalmar da ba a gani ba ce ta ɓata. Saboda siffar keɓancewa, layi ɗaya ba ya ganin abin da wani bai sallama ba. Har ila yau, a matakin keɓancewa na REPEATABLE READ, wanda shi ne na asali a InnoDB, mai bincike da ya buɗe ƙulli ya karanta jadawali zai ci gaba da ganin tsohon hoto har sai ya rufe ƙullinsa. Django ya koma READ COMMITTED ga MySQL tun fitowa ta 2.0 a 2017, amma wannan bai shafi wata manhaja dabam da aka buɗe don leƙa rumbun ba.

Akwai kuma mai sauƙi: manhaja tana rubutu a fayil ɗin SQLite na gwaji, mai bincike yana duba babban rumbu. Sannan gwaje-gwajen da aka gina a kan TestCase na Django suna warware komai a ƙarshen kowane gwaji da gangan. A ƙarshe, idan manhaja ta tura wani aiki gefe, kamar aika wasiƙar sanarwa, kafin a sallama, wannan aiki zai je ya nemi kalmar ya rasa. Domin haka ne aka kawo on_commit a fitowa ta 1.9 a 2015, wanda yake riƙe aikin har sai sallamawa ta tabbata.

4.7 Kulle da kiki-kaka

SQLite mutum ɗaya yake bari ya yi rubutu a lokaci guda. Idan aji guda suka zauna shigar da kalmomi tare, mai jira zai tsaya daƙiƙa 5, sannan a ce masa rumbu a kulle yake. A manyan rumbuna kuwa akan yi kiki-kaka: ƙulli na farko ya riƙe jadawalin kalma yana jiran na ma'ana, na biyu ya riƙe na ma'ana yana jiran na kalma. Rumbun zai zaɓi ɗaya ya warware shi domin ɗayan ya wuce. Magani shi ne a gajarta ƙulli, kowa ya bi jeri ɗaya wajen taɓa jadawali, a kuma shirya manhaja ta sake gwadawa.

5.0 Matakan Bincike

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Saƙon da ke allo ji ne kawai, sai an leƙa rumbu sannan an gani. Ga matakan da nake bi:

1. A buɗe sabon layi zuwa rumbun, a tabbata shi ne wanda manhaja take amfani da shi, a nemi kalmar.
2. A dubi lambobin jeri. Idan an ga 41, 42, sai 45, to alama ce mai ƙarfi cewa an rubuta 43 da 44 sannan aka warware ko aka goge, domin PostgreSQL da InnoDB ba sa mayar da lambar da suka riga suka bayar.
3. A kunna kundin da yake rubuta kowane umarni. Tun daga fitowa ta 4.2 a 2023, kundin django.db.backends yana nuna BEGIN da COMMIT da ROLLBACK idan DEBUG yana kunne. BEGIN da ba shi da abokin rufewa yana nuni ga 4.1. ROLLBACK kuwa, a karanta umarnin da ya zo kafin shi, nan ne mai laifi yake.
4. A aika SHOW CREATE TABLE a MySQL. Amsa ɗaya za ta nuna injin ajiya da tsarin haruffa da ƙa'idar UNIQUE. A PostgreSQL kuma pg_stat_activity yana nuna layukan da suka buɗe ƙulli suka zauna.
5. A gwada da kalmomi biyar: gida, ƙofa, jami'a, kuka, sannan kukà. Wadda ta gaza ita za ta faɗi sunan cutar.

6.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa bayani ba ya zama ajiyayye sai an sallama ƙullin da ke ɗauke da shi, kuma binciken matsalar yana komawa ga tambayoyi uku: shin an sallama? In an warware, wane umarni ne ya jawo? In an sallama, daga ina ake duba? An kuma ga cewa karin sauti da baƙaƙe masu ƙugiya da hamza suna cikin manyan dalilan gazawa a manhajar da take ajiye Hausa. Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, rigakafi ya fi magani. Mu zauna da masu tsara manhaja tun ranar da ake zana jadawali, mu gaya musu cewa kuka biyu ce a Hausa. Kada kuma kowa ya yar da littafin da ya tattara kalmomi a ciki, sai ya ga kalmominsa a rumbu da idonsa.

7.0 Aikin Gida

1. Kawo kalmomin Hausa biyar masu rubutu ɗaya da ma'ana biyu, ka nuna ko kari ne ko tsawon wasali ya bambanta su.
2. Wata ɗaliba ta shigar da tukunya, ludayi, ƙwarya da maburgi cikin ƙulli ɗaya, a jadawali mai tsarin latin1 da injin InnoDB, rumbun yana kan yanayin tsauri, kuma komai yana cikin atomic. Kalmomi nawa za a tarar? Me ya sa?
3. Na yi amfani da ƙullin aiki da sallamawa da warwarewa da zango. Wane ne yake da kalmomin da suka fi waɗannan dacewa? A kawo su mu tattauna a aji.